Dafa-dukan Taliya da Naman Shanu: Aikin da Ke Cikin Tukunya Ɗaya

A gidaje da yawa a Kano, ranar da aka ce dafa-dukan taliya za a yi da dare, ɗauka ake yi uwargida ta samu hutu. Babu tuƙin tuwo, babu kaɗa miya, babu jera tukwane a kan murhu. Masu raina shi cewa suke abincin gwauraye ne da 'yan makaranta, wai kowa ya iya: a zuba ruwa, a zuba nama, a zuba taliya, a rufe. Zubawa kam kowa ya iya. Amma wanda ya ci na gwana, ya kuma ci na mai zubawa kawai, ya san abinci biyu ne daban ko da a shago ɗaya aka sayo kayan. Na gwana kowane silin taliya a ware yake, ya sha romo har ciki, ya yi ja yana ƙyalli, naman kuma yatsu biyu sun isa su raba shi. Ɗayan kuwa taliya ta caɓe ta cure wuri guda, nama na nan da taurinsa, ga tsamin ɗanyen tumatir yana bin bayan kowace loma.

Abin da ya raba su lissafin lokaci ne da na ruwa. Naman shanu irin namu yana son abin da ya kai awa guda a wuta. Taliya minti 12 zuwa 15 sun ishe ta. Albasa in ta shiga mai mai zafi, ka ɗauke ido kaɗan ta ƙone, kabeji kuwa tururi kawai yake nema. Duk za su haɗu a tukunya guda, kuma dole su nuna tare. Mai dafa fara da miya tana da wajen gyara, domin in ruwan taliya ya yi yawa tsiyayewa za ta yi. A dafa-duka ba a tsiyaye komai. Abin da ya shiga tukunya, da shi za a ci.

Daga teburin mahauci aikin yake farawa, kuma da safe, lokacin da nama bai daɗe da zuwa daga mayanka ba. Shanun da ake yankawa a ƙasar Hausa, irin waɗanda ake kaiwa kasuwar Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, yawanci Bunaji ne da Rahaji da Gudali, dabbobin da suka yi shekaru suna takawa a ƙasa neman ciyawa da ruwa. Tsokar da ta sha tafiya tauri gare ta, sai dai ta fi ɗanɗano. Gwana ta san haka, kuma ba ta gudun taurin, don ta san maganinsa. Za ka ji cinikin yana tafiya kamar haka:

"Sarkin Fawa, rabin kilo za ka ba ni, amma ta wajen haƙarƙari, ka haɗa min da ɗan ƙashi mai ɓargo."

"Hajiya, ga tsoka zalla mai kyau fa, ta cinya."

"Bar tsokar nan, ba tsire zan yi ba. Ka dai sa min ɗan tozo gyara."

Ba rowa ce ta sa ta ƙi cinya ba. Naman haƙarƙari da na ƙirji da na wuya suna da jijiya da kitse a tsattsakinsu, kuma su ne ke ba romo jiki. Tsoka zalla in ta daɗe a ruwan zafi bushewa take yi ta zama zare-zare marar daɗi. Kafin ta miƙa kuɗi takan danna naman da yatsa. In ramin ya ciko nan da nan, sabo ne. Tana duba launi, ja mai haske take so, babu yauƙi a jikinsa, kitsen kuma a daskare, fari ko mai ɗan rawaya-rawaya.

A gida sai wanki. Adda da gatarin mahauci suna barin ɓarɓashin ƙashi a jikin nama, saboda haka ba a ɗauraye shi a gurguje. Kowace tsoka sai ta bi ta tsakanin yatsu, domin ɓarɓashin da ya tsere yanzu a bakin yaro za a same shi. Daga nan ta sake yanka shi da kanta. Tsoka zaruruwa ce da suka jeru suna bin hanya ɗaya. Wanda ya yanka yana bin zaren ya bar dogayen zaruruwa a loma, su ne ke maƙalewa a haƙori. Ita gicciya wuƙar take yi, ta datse su gajeru, kowane yanki bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Ƙaramin yanka ya fi saurin nuna, wannan riba ɗaya ke nan. Ta biyun ta rabo ce. Rabin kilo da aka yanka manya-manya a gidan mutum bakwai rigima ce, amma da aka yanka ƙanana, duk cokalin da ya shiga faranti sai ya fito da rabonsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ba ta kunna wuta sai kayan miya sun kammala a gabanta. Albasa manya biyu, ɗaya yankakkiya, ɗaya ta jajjage. Tattasai huɗu ko biyar, attaruhu gwargwadon bakin yaran gidan, tumatir kamar guda shida, tafarnuwa da ɗanyar citta. Akwai masu aika yaro inji a yi markaɗe, amma mai inji da ruwa yake tura kayan miya, kuma wannan ruwan sai an ƙone shi da gas kafin suya ta fara. Jajjage a turmi ya fi dacewa da taliya: a fara da attaruhu da ɗan gishiri don kada ya yi tsalle, a bi da tattasai da albasa, tumatir a ƙarshe, a daka sama-sama yadda za a riƙa ganin jan tattasai a jikin abinci. Lokacin sanyi, sa'ad da noman rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwar 'Yankaba, tumatir araha yake, ana zuba shi ba tsoro. Da damina ta sauka sai ya yi tsada, a koma ga busasshe, a jiƙa shi da ruwan ɗumi a wanke ƙasar jikinsa sosai, ko a rage ɗanyen a cike da ƙaramar ledar tumatir. Gwana ba ta fasa girki don tumatir ya yi tsada. Tattasai take ƙarawa, shi ne ma ke ba da jan da ido yake so.

Tukunyar ma ba kowace ba. Mai kaurin gindi ake so, irin wadda maƙera ke zubawa da narkakken alminiyam, mai faɗin baki da murfin da ke zama daram. Tukunya mai sirin gindi zafi wuri ɗaya take tarawa, tsakiya ta kama alhali gefe bai tafasa ba.

Mataki na farko shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa. Nama yana shiga tukunya ba tare da ko ɗigon ruwa ba, da rabin yankakkiyar albasa, dakakkiyar tafarnuwa da citta, da ɗan gishiri. A rufe, wuta madaidaiciya. Bayan 'yan mintoci in aka ɗaga murfi za a tarar da ruwa ya kusa shan kan naman, kuma ba wanda ya zuba. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne, zafi ne ke matse shi ya fito. A cikin wannan ruwan nasa naman ke sulala, yana shan citta da tafarnuwa. Daga nan ta cire murfin gaba ɗaya ta bar ruwan ya ƙone. A nan kunne ya fi ido aiki. Tun tana tsakar gida tana wani abin za ta ji ɓararrakar tafasa tana raguwa, sautin ya sirance, ya koma tsuwwar suya, alamar ruwa ya ƙare, kitsen tozo ya narke ya fara soya naman. Da jin haka take tasowa, ta zuba man gyaɗa kamar rabin gwangwanin madara.

Yanzu kuma sai ta ƙyale shi. Hannun da bai saba ba ƙaiƙayi yake yi, ya yi ta juyawa. Ita takan baza naman ya kwanta a gindin tukunya, ta bar shi minti biyu ko uku sai gefen da ke ƙasa ya yi ja mai duhu, sannan ta juya. Ƙamshin da ke tashi a wannan lokacin, wanda maƙwabta ke ji su san ana girkin nama, yana da dalili. Idan zafi ya wuce digiri 140 ko kusa da haka, sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke cikin nama sukan haɗu su haifar da launi da ƙamshin da babu su a da. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin haɗuwar a 1912, kuma sunansa take amsawa har yau. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa ba ya wucewa, shi ya sa muddin da ruwa a tukunya nama ba zai yi jan suya ba. Naman da aka jefa a ruwa tun farko dafuwa kawai zai yi, fari fat, kuma babu yawan dunƙulen magin da zai maye wannan ƙamshin.

Akwai gidajen da ke bin wata hanyar, su tafasa nama sai ya yi laushi, su juye romon a kwano, su soya naman, daga baya su mayar da romon. Ita ma tana fitar da abinci mai kyau. Ni dai na fi son ta farkon, domin babu abin da ke barin tukunya, kuma jan da suya ta bari yana samun awa guda yana narkewa cikin romo.

Wannan jan shi ne abin da ya lilliƙe a gindin tukunya, launin ƙasa-ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kamu ne. Muddin bai yi baƙi ba, dukiya ce. Sauran albasar da aka ajiye ita ke ɗago shi: tana shiga ta saki ruwanta, cokalin katako na bin gindin tukunya yana kankarewa a hankali, har albasar ta yi laushi ta ɗauki launin. Sai kori da tayim, da ɗan dakakken masoro da kanumfari ga mai so, a juya su cikin mai na ɗan lokaci kaɗan. Ƙamshin kayan yaji a mai yake narkewa fiye da ruwa, shi ya sa korin da aka barbaɗa a ruwa daga baya launi yake bayarwa, ƙamshinsa kaɗan ne.

Jajjage ya biyo baya, kuma nan ne haƙuri na biyu. Da shigarsa tukunya za ta sake komawa tafasa, don tumatir kusan duk ruwa ne. A buɗe ake barin ta, ana juyawa lokaci-lokaci, minti 10 zuwa 15. Alamun soyuwa ba sa ɓuya. Launi yana tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu, kayan miyan su tattare su yi kauri, mai ya rabu da su ya taso gefe-gefe yana ƙananan ƙwai. In ta ja cokali a tsakiya, hanyar da ya bari ba ta rufewa nan take. Sai ta ɗanɗana a bayan hannu, in tsamin nan mai kama harshe ya tafi, an gama. Wasu kan jefa 'yar kanwa don a kashe tsami da wuri. Tana kashewa kuwa, amma tana dusashe jan abinci, in ta yi yawa kuma ta bar wani ɗanɗano-ɗanɗano a maƙogwaro. Minti biyar na tsayuwa ya fi ta.

Sai daddawa, dakakkiya, ƙwaya ɗaya. Na san akwai masu ganin daddawa ta miyar kuka ce, ba ta shiga abincin zamani. Su gwada. Kalwar ɗorawa da aka dafa aka rufe ta ta ruɓa tana ɗauke da irin sinadarin ɗanɗanon da kamfanoni ke sawa a dunƙule, kuma in an soya ta cikin mai warinta yana kwantawa, abin da ke saura shi ne zurfin da ke sa rabin kilo ya yi ɗanɗanon kilo guda. Dunƙulen magi biyu ko uku su biyo baya, tare da tuna cewa mafi yawan nauyin dunƙulen gishiri ne. Mai zuba shi sannan ta ɗebo gishiri da hannu sake, sau biyu ta sa gishiri.

Yanzu ruwa, kuma mai zafi, daga fulas ko butar da aka jingina a gefen garwashi. A zuba ya sha kan nama sosai, ya tafaso, sannan a rage wuta ƙasa-ƙasa a rufe. Wannan rage wutar shi ne asirin arahar girkin. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya ɗaga farashin kusan komai, kowace mai girki ta koyi ƙirga mintocin gas da awon gawayi. To, ruwan da ya riga ya tafasa, ƙara masa wuta ba ya ƙara masa zafi. Tururi kawai zai ƙaru, ruwa ya ƙare da wuri, gas ya tafi a banza. Abin da jijiya ke bukata zafi ne marar yankewa na tsawon lokaci. A hankali farin abin nan mai tauri ke narkewa ya zama danƙo, irin wanda ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce. Shi zai sa nama ya yi laushi, shi kuma zai lulluɓe taliya anjima. Minti 40 zuwa awa guda, gwargwadon shekarun saniyar. Tukunya ta riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ƙwan tafasa na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan jiran ne wasu ke son yanke wa hanya, har a ji ana jefa ƙwayar farasitamol a tukunya wai nama ya yi saurin laushi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, kuma da gaskiyarta, magani ba kayan miya ba ne, ga shi wuce ƙima a shansa hanta yake taɓawa. Wadda ta yanka nama ƙanana, ta gicciya zare, ta ɗora tukunya bayan La'asar maimakon ana kiran Magariba, ba ta da bukatar wannan. Jiran ma ba zaman banza ba ne, a cikinsa ake yanka karas da kabeji da koren tattasai, a wanke turmi, a share wurin.

Nama ya yi ne idan aka danna shi da cokali a jikin tukunya ya buɗe ba gardama. Kada a zuba taliya kafin haka da fatan nama zai ƙarasa tare da ita, domin minti 15 ba sa gyara naman da ya rage rabin awa.

Taliyar da ake nufi a nan ta leda ce mai giram 500, irin su Golden Penny ta kamfanin Flour Mills of Nigeria da 'yan uwanta, waɗanda ake sauke katan-katan a kasuwar Singa. Mafi yawan alkamar da ake yin ta da ita ta jirgin ruwa take shigowa ƙasar, don wadda ake nomawa da sanyi a Kano da kwarin Haɗeja ba ta kusa isa ba, shi ya sa farashin taliya ke bin farashin dala. A masana'anta ana tura ƙullun ta ƙananan ramuka da ƙarfin inji, a busar da shi da iska mai zafi, sai ta fito da tauri, tana jure wuta. Taliyar Hausa ta murji, wadda mata ke yi da injin hannu su shanya a igiya, laushi gare ta da gari a jiki. Da mai da yaji ba ta da na biyu, amma a dafa-duka sai hannun da ya ƙware, don kafin a ankara ta narke. Ba mu kaɗai muka gano dafa taliya cikin romon nama ba. Mutanen Libiya, waɗanda Italiya ta mulka daga 1911 zuwa 1943, suna da nasu mai suna mbakbaka, da nama da tumatir da yaji a tukunya guda. A Amurka kuma, da nama ya yi tsada, wani kamfani ya fito da Hamburger Helper a 1971, kwalin makaroni da kayan ɗanɗano da ake haɗawa da niƙaƙƙen nama a kasko ɗaya.

Awon ruwa shi ne tsakiyar sana'ar. Busasshiyar taliya tana shan ruwan da ya ɗara nauyinta, leda ɗaya in ta dahu takan haura kilo guda. Ga kuma wanda zai tafi a tururi. Saboda haka leda ɗaya tana son romon da ya kai lita guda ko ya ɗan ɗara, wato abin da ya kai ledar fiya wata biyu da ɗan ƙari. Gwana ba ta aunawa da kofi, da ido take gani: in taliya ta kwanta, romo ya shafe kanta da ƙyar, ana hango silinta ta ƙasa. In za a yi kuskure gara a yi shi ta wajen ƙaranci, tunda ruwan zafi na nan a fulas ana iya ƙarawa, amma wanda ya yi yawa ba shi da hanyar fita sai ta dafa taliyar har ta caɓe. Kafin taliya ta shiga ake ɗanɗana romo a gyara gishiri, kuma ya kamata ya ɗan ɗara na miyar sha kaɗan, domin taliya lami take, za ta kwashe rabonta.

A ƙara wuta romo ya tafaso sosai, a zuba karas. Taliya kuma a karya ta tun tana cikin ledarta, gida biyu ko uku, don kada gutsattsari su watsu a ƙasa. Mutanen Italiya ba sa son ganin ana karya ta, amma su a ruwa mai yawa suke dafawa su tsiyaye, mu kuwa so muke ta kwanta cikin romo kaɗan, ga kuma yara masu ci da hannu. Ba a jefa ta dami guda. Ɗiba ake yi kaɗan-kaɗan ana bazawa, wannan ta gicciye kan waccan kamar yadda ake shirya itace a murhu, don romo ya samu hanyar shiga tsakani. Minti biyun farko su ne masu haɗari. A lokacin ne garin da ke jikin taliya ke jiƙa ya yi danƙo, silin da ya taɓa ɗan uwansa a haka ya manne ke nan har faranti. Don haka ba ta matsawa ko'ina, tana tsaye da babban cokali mai yatsu tana ɗagawa tana warwarewa, sai ta ga kowane sili ya yi laushi ya lanƙwasa shi kaɗai.

Wasu kan fara tafasa taliya daban su wanke ta da ruwan sanyi kafin su zuba, al'adar da aka ɗauko daga dafa shinkafa. Ban ga ribar ba. An ƙara tukunya, an ƙara wuta, an kuma zubar da sitacin da shi ne zai haɗa mai da romo su zama abu ɗaya mai kama jikin taliya. Taliyar da ta riga ta ƙoshi da ruwan banza kuma ba ta da sauran wurin shan romo, launi kawai za ta ɗauka a waje.

Bayan warwarewa sai a rage wuta a rufe. Duk bayan minti uku ko huɗu a buɗe, a kai cokali har gindi, a ɗago na ƙasa ya dawo sama. Ɗagawa ake yi, ba tuƙi ba. Lokacin da aka rubuta a jikin leda na dafuwa a tafasasshen ruwa mai yawa ne. A cikin romo mai kauri da tumatir takan ƙara 'yan mintoci, don haka haƙori ne alƙali. A ciro sili ɗaya a gatsa a duba tsakiyarsa. In da farin ɗigo a ciki, da saura. In romo ya ƙafe alhali ɗigon na nan, a yayyafa ruwan zafi rabin kofi ta gefen tukunya, ba a tsakiya ba, a sake rufewa. In kuwa hanci ya jiyo ƙauri, kada a kankare gindin, don ɗacin zai bi abincin duka. A sauke daga wuta nan take, a kwashe na sama a hankali.

Sauke tukunya ma da lokacinsa, kuma yana zuwa kafin abinci ya gama. Idan farin ɗigon ya kusa ɓacewa, ga ɗan romo mai kauri ya rage a gindi kamar cokali uku ko huɗu, sai ta watsa kabeji da koren tattasai da ɗanyar albasa a sama, ta rufe, ta kashe gas. Mai murhun gawayi janye garwashi take yi ta bar toka mai zafi. Minti biyar ba a taɓa murfi. Zafin da tukunya mai kauri ta riƙe shi ke ƙarasa taliya, ta tsotse sauran romon, tururi kuma ya risina kabeji ba tare da ya kashe korensa ba. Wadda ta jira sai ta ga komai ya yi daidai a kan wuta, a faranti za ta tarar ya wuce.

Wajen rabo a fara juyawa sau ɗaya daga ƙasa, don nama nauyi gare shi, gindi yake komawa. Na maigida a kula, na yara a babban faranti, a cire na almajiri tun kafin hannu ya shiga. Tunda an rage attaruhu saboda ƙanana, manya sai a ajiye musu yaji a gefe. Ƙashin ɓargon nan kuwa uwargida ce ke yanke hukuncin wanda zai samu, kuma yawanci auta ne. Abin da ya rage in za a yi ɗumame da safe, a tuna taliya ba ta daina shan ruwa don an sauke ta, sai an yayyafa mata kaɗan, a rufe, a bar ta ta yi zafi har tsakiya.

Ranar da baƙi suka faɗo aka ce a yi leda biyu, ba a ninka komai ido rufe. Nama da kayan miya ana ninkawa, amma ruwa a ɗan rage daga ninki, saboda abin da ke tafiya a tururi bai ninku ba. Naman a soya shi kashi biyu, in ba haka ba zai cika gindin tukunya ya yi ta zubar da ruwa ya ƙi yin ja. Tukunyar kuma a nemo mai faɗi maimakon mai zurfi, domin a mai zurfi nauyin taliyar sama yana danne ta ƙasa, ta ƙasan ta caɓe ta kama tun ta saman ba ta nuna ba.